Zanzaro a Rediyon Yaya Direba

Shagon Mai Rediyo bai kai a kira shi shago ba. Wani ɗan tsukin wuri ne tsakanin shagon tela da rumfar mai facin taya, in ya buɗe hannuwansa sai ya taɓa bangon dama da na hagu. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, benci a bakin ƙofa, sai kanta uku a jikin bango cike da rediyoyin da masu su suka sayi waya suka manta da su. Shekara talatin da biyu yana zaune a kan wannan kujera, har katakon ya lotsa daidai mazauninsa.

Da abu biyu aka san shi. Na farko, ba ya ce wa mutum ya dawo gobe. In ya duba rediyo ya ce Laraba, to Laraba ce. In kuma ba zai gyaru ba, a take zai faɗa maka, ka ɗauki abinka ka yi gaba. Duk layin nan ba wanda ake yi wa wannan shaida sai shi, har tela yana jin haushinsa, don da shi masu kawo ɗinki suke yi masa gori. Mai Rediyo bai tara komai a sana'ar ba. Gidan haya yake, kekensa ma ya girmi babbar 'yarsa. Wannan shaidar ce kaɗai abin da ya mallaka, kuma ya sani.

Na biyu, Allah ya jarrabe shi da son ƙananan halittu, irin waɗanda mutane ke ɗaukar takalmi in sun gani.

Aikin nasa ba ya rasa abin ɓacin rai. Sai ya jona ƙarfen dalma, ya jira ya yi zafi, yana kai hannu a ɗauke wuta. Sai noti ƙarami kamar ƙwayar shinkafa ya suɓuce ya faɗi, ya durƙusa yana lalube rabin awa, ƙarshe ya same shi a cikin naɗin ƙafar wandonsa. Ga masu buɗe rediyo da wuƙar kicin, su kwaso kayan cikin a leda su kawo, suna rantsuwa ba wanda ya taɓa. Ga tabarau da yake nema sau biyar a wuni, sau huɗu yana bisa goshinsa. Shi dai ba ya faɗa, ba ya tsaki. In abin ya taru ya tokare masa ƙirji, sai ya jingina ya ɗaga kai ya kalli tsakar da ke bayan ƙwan lantarki tana laɓaɓa wa ƙuda. Tana cafkewa sai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Haka dariyarsa take, ba ta da sauti, kafaɗu ne kawai da hawaye.

Matarsa ta sha fama. Ta taɓa samun bushiya a cikin kwandon wanki, an shimfiɗa mata tsohuwar singileti. Ta taɓa zuwa kwashe shanya ta tarar da hawainiya a kan igiya, shi kuma yana tsaye da ƙyallaye kala uku yana gwada ta. Duk ta haƙura. Ranar da ya shigo da jaɓa a cikin kwalin batir, yana cewa ai warin ba laifinta ba ne, ranar ce ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce ya zaɓa, ko ita ko jaɓa. Ya ɗan jima kafin ya zaɓa, kuma har yau ba ta yafe masa wannan jimawar ba.

To, matar nan tana da wa, wanda shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu. Tsohon direban bas ne, ya ajiye tuƙi amma bai ajiye muryar tasha ba. Kowa Yaya Direba yake ce masa. Yana da wani tsohon rediyo mai rigar fata da ya yi shekara ashirin da biyar a gaban motarsa. Yanzu aikinsa ke nan, ya ji labarai a tasha huɗu, ya kwatanta su, ya gano wadda ta yi ƙarya.

Wata Asabar ya zo ya dire rediyon a kan tebur, ya ce ya daina magana. Mai Rediyo ya kwance bayan, ya murɗa allura har ƙarshe yana saurare, ya gano ciwon. Wani ɗan abu ne ya ƙone, sai ya shiga kasuwa ya samo. Ya ce Laraba.

"Laraba ko, Injiniya?" in ji Yaya Direba, don haka yake tsokanarsa.

"Laraba, Yaya."

Sai ya ɗora rediyon a kanta ta sama, bayansa a buɗe. Bai taɓa barin rediyo a buɗe ba, amma a lokacin aka kawo wuta, ya yi sauri ya koma kan wani aiki.

Ran Talata ya samo madadin abin da ya ƙone, ya taka kujera zai sauko da rediyon, sai ya ji wani ɗan kuka siriri daga ciki. Ya leƙa. Zanzaro ce, da ɗan ƙugunta kamar zare, tana gini. Ta riga ta gama ɗaki biyu na laka, sumul kamar 'yan tuluna, tana kan na uku. Kuma ba ta sami wurin da za ta kafa su ba sai jikin ɗan faifan nan da zare ke naɗe a kansa, wanda in an murɗa yake jan allura daga tasha zuwa tasha. Duk wanda ya murɗa neman tasha, gidan ya rushe.

Ya yi awa guda a tsaye a kan kujera. Ya ga inda take ɗebo laka, gefen bahon da mai faci ke tsoma tif yana neman huji. Ta dunƙula, ta taso, ta shigo ta saman kansa, ta liƙa, ta shafe da baki. Can sai ta ɓace, ta dawo rungume da koriyar tsutsa da ta fi ta tsawo, ta tura ta cikin ɗaki, abincin ɗan da bai ma zo duniya ba. Kafaɗun Mai Rediyo suka yi ta rawa har kujera ta fara motsi. Tela ya leƙo ya tambaya ko lafiya, ya ce lafiya lau, yana duba rufi ne.

Laraba da hantsi Yaya Direba ya iso, tun daga bakin titi ake jin sallamarsa. Mai Rediyo ya kwana yana shirya yadda zai yi masa bayani, amma da ya ga girman hannun mutumin nan, ya tuna yadda yake kashe kyankyaso da tafinsa, sai ya ji bakinsa ya ce:

"Yaya, ka dawo jibi."

Keken tela ya tsaya cak. Mai faci ya ajiye guduma. Yaya Direba ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi dalili. Ya ce ba a sami abin a kasuwa ba, alhali abin yana aljihun rigarsa, yana jin tsininsa a ƙirji.

Da jibi ta zo ya ce ba wuta. Yaya Direba ya juya ya kalli ƙwan shagon tela yana haske tar, ya juyo. Mai Rediyo ya ce ai wutar ba ta da ƙarfi. Mutumin da bai saba ƙarya ba, in ya tashi yi, har tausayi yake bayarwa. Gumi ya wanke masa fuska, yana magana yana kallon ƙafarsa. A zuwa na uku ya rasa abin cewa, ya ce tabaraunsa ne suka ɓata, Yaya Direba ya miƙa yatsa ya zaro masa su daga goshi.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama layin. Tela, wanda ya daɗe yana jiran wannan rana, duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ba shi haƙuri ya nuna masa maƙwabci, ya ce ga ma mai gaskiyar ya bi sahu. Wata tsohuwa da ta yi shekara goma tana kawo masa gyara ta zo ta karɓi rediyonta tun bai taɓa ba, ta ce ta ji an ce ya canza. Wannan ta yi masa ciwo ƙwarai. Yaya Direba kuma ya yanke hukunci, ya ce ran Litinin zai zo, a gyare ko ba a gyare ba, zai ɗauki abinsa ya kai wa masu gyaran waya na tsallaken titi. Mai Rediyo ya san abin da za su yi. Sukudireba ɗaya za su sa su kankare ɗakunan nan, su hure ƙurar.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zuba masa ido kwana biyu, ran Lahadi da yamma ta janyo kujera ta zauna gabansa, ta ce ita dai ta san wannan fuskar, ya faɗa mata wace dabba ce kuma a ina ya ɓoye ta. Ya faɗa mata. Ta tambaye shi sau biyu ko da gaske a cikin rediyon Yaya, ya ce a ciki. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito, ta dube shi ta sake fashewa. Da ta natsa sai ta share ido da bakin zane.

"Malam, shekara talatin ka tara sunanka, ka je ka zubar saboda ƙwaro. Yaya ya fi ƙin maƙaryaci a kan ƙwaro, ni na sani, a hannunsa na tashi. Ka nuna masa. In ya murƙushe, ya murƙushe."

Ya ce ai abin da yake tsoro ke nan. Ta ce to ya ci gaba da ɓatar da tabarau.

Litinin tun da sassafe ya buɗe shago. Ya taka kujera ya yi gyaran a can sama, bai sauko da rediyon ba don kada uwar ta dawo ta rasa gidanta. Ya riƙe numfashi, ya zura ƙarfen dalma ta gefen ɗakunan, waɗanda yanzu sun zama biyar, hannunsa ko rawa bai yi ba. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ba wanda ya gani. Ya kunna, rediyo ya yi magana.

Da Yaya Direba ya zo, Mai Rediyo bai bari ya zauna ba. Ya ce ƙarya ya yi masa sau uku, madadin abin da ya ƙone yana aljihunsa tun ran Talata, wuta kuma lafiyarta ƙalau. Ya faɗa da ƙarfi yadda tela zai ji. Sannan ya roƙe shi ya taka kujera ya duba da idonsa.

Kujerar ta yi ƙara da Yaya Direba ya hau. Ya leƙa, ya ƙura wa ɗakunan ido, wuyansa yana kumbura.

"Saboda wannan lakar na yi kwana tara ban ji labarai ba?"

"Akwai 'ya'ya a ciki, Yaya."

"'Ya'yan wa? Naka?"

Ya ɗaga babban yatsa zai danna. Mai Rediyo ya rufe ido. Daidai nan uwar ta shigo, ta wuce ta gefen kunnen Yaya Direba, ɗauke da wata tsutsa ƙatuwa da ke rinjayarta. Ta nufi ƙofar ɗaki ta kuskure, nauyi ya ja ta ƙasa. Ta ja da baya, ta zagayo, ta sake gwadawa ta kuskure. Mai Rediyo ya buɗe ido ya ga yatsan yana nan a sama, mai shi kuma ya karkata kai yana bin ta da kallo.

"Lodi ya yi mata yawa," in ji Yaya Direba, murya ƙasa-ƙasa. "Ki yi ribas. Ki buɗe kwanar, ke. Yauwa. Yanzu shiga."

Ta shiga. Ya sauke yatsa, ya juyo ya dubi mijin ƙanwarsa, ya ce shekararsa talatin a kan titi, direbobin da za su shiga wannan lungu da irin wannan kaya ba su fi uku ba, kuma biyu sun mutu.

Suka yi sharaɗi. Rediyo zai zauna inda yake, ba mai murɗa allura, amma a kunne, shi kuma Yaya Direba zai riƙa zuwa yana ji a nan. Mai Rediyo ya amince da sauri, bai tsaya ya yi tunani ba. Sai da aka ƙara murya suka gane inda allurar ta tsaya. Can ƙarshe ne, inda ya bar ta ranar da yake gwaji, wata tasha ce mai wani yare da duk layin ba wanda ya taɓa ji. Wata mata ce take ta magana, in ta gaji a sa kiɗa, ta huta ta dawo.

Wannan bai hana Yaya Direba komai ba. Kullum da hantsi yana kan benci, ya harɗe ƙafa, yana fassara. In matar ta yi sauri ya ce an yi ambaliya. In ta sassauta ya ce wani babba ne ya mutu, a yi masa addu'a. Mai faci ya ce shi a jinsa farashin taya take faɗa, suka yi musu har azahar. Tela ya kashe nasa rediyon don ya ji su da kyau. Duk wanda ya zo wucewa kuwa sai Yaya Direba ya tare shi ya ba shi labari tun daga farko, yana kwaikwayon yadda Injiniya ya ce wuta ba ta da ƙarfi, sannan ya sa shi ya taka kujera ya gaida mai jego. Har mai kawo wasiƙu sai da ya hau.

Haka Mai Rediyo ya zama abin dariyar layi, amma dariyar ta wanke shi. Mutane suka ce mutumin da ya yi shekara talatin da biyu bai yi ƙarya ba sai don ƙwaro, kuma da ya yi ma bai iya ba, ai a bar masa gaskiyarsa. Tsohuwar nan ta dawo da rediyonta, ta ce ya gyara, amma don Allah ya rufe bayan. Tela ne kaɗai bai ji daɗi ba, gori ya dawo masa sabo.

Sai dai fa Mai Rediyo mutum ne mai son shiru, ga shi ya sayo wa kansa suruki mai wuni a shagonsa kullum. Yaya Direba yana tsoma baki a kowane gyara. Yana gaya wa masu kawo aiki abin da ya lalace tun ba a buɗe ba. Ya zauna a kan tabarau sau ɗaya, ya taka noti ba adadi. Ya raɗa wa ɗakunan suna, na farko Gidan Gaba, na ƙarshe Bayan Mota. Kullum sai ya tambayi yaushe fasinjojin za su sauka, Mai Rediyo ya ce bai sani ba, shi kuma ya ce wane irin injiniya ne wannan.

Uwar ta rufe ɗaki na shida ta tafi, ba ta ƙara dawowa ba. Yaya Direba ya yi kwana biyu yana zaginta, wai haka ake yi, a ajiye yara a tasha a gudu. Mai Rediyo ya ce haka Allah ya yi su, ta gama nata.

A cikin mako na huɗu, wata ranar Alhamis bayan la'asar, mai faci ne a kan kujera, ya ce ya ga ƙasa tana zubowa. Nan da nan aka sauko da rediyon a hankali aka ɗora a tebur, tunda yanzu ba uwar da za ta ɓata. Kawuna huɗu suka haɗu a kansa, har da na tela da tsinken allura a baki. Wani ɗan huji ya buɗe a Gidan Gaba. Kai ya fito, sai ƙafafu, sai ɗan ƙugun nan kamar zare. 'Yar zanzaron ta tsaya a bakin ramin a jiƙe, tana karkarwa, tana goge fuska da hannu biyu kamar wadda aka tasa daga barci. Matar rediyo tana ta zuba, ba mai fassara ta. Can 'yar zanzaron ta buɗe fiffike ta tashi, ta bugi ƙwan lantarki, ta gyara, ta fita ta ƙofa.

Yaya Direba ya ce sabon hannu ce, za ta koya. Ya juya zai tsokani Injiniya, ya tarar kafaɗunsa suna rawa, hawaye har gemu. Sai ya fasa, ya ja hanci, ya ce ƙurar shagon nan ta yi yawa.

Mai Rediyo ya goge ido, ya ga dama ta samu. Ya ce wa Yaya, tunda uwar ta gama aikinta, sauran biyar ɗin ba abin da suke bukata sai a bar su. Ko a ina rediyon yake za su fito, in dai ba a murɗa ba, ba a jijjiga ba, an kuma bar bayan a buɗe. Yana iya tafiya da abinsa gida yau. Yaya Direba ya tambaya tun yaushe ya san haka. Ya ce tun ranar da ta tafi, amma bai yarda da hannun Yaya ba sai yau. Tela ya tuntsire da dariya har tsinken ya faɗi.

Mai faci ya ce bari ya tsayar masa da bas. Yaya Direba ya dube shi kamar ya zage shi, ya ce ya san yadda direbobin yanzu suke faɗa wa rami, ba zai sa fasinja biyar a hannunsu ba. Ya tallabi rediyon da hannu biyu a gaban cikinsa, ya sauka daga dakali da ƙafar dama a hankali, ya kama hanya a ƙasa, tafiyar da ba ta gaza awa guda ba. Suna tsaye suna kallonsa yana taku ɗaya-ɗaya a gefen titi, matar tana ta magana daga cikinsa, shi kuma yana daka wa masu babur tsawa su ba shi hanya, akwai yara a mota.